Tsohon Soja Mai Wayar Iska

A can ƙasar Amurka, wajen kudu maso yamma, akwai wata jiha da ake kira Arizona. Ƙasa ce mai zafi da ƙarancin ruwan sama, ga duwatsu, ga itatuwa masu ƙaya. Babban birninta shi ne Finiks. Kusa da wannan birni, bisa wani tudu, an yi gidan wani tsoho wanda ba ya ɓata wa baƙo. A lokacin da yake raye, tun daga nesa mutum yakan hangi wani dogon turken ƙarfe ya tashi sama, an gicciya masa sanduna a ka, sai ka ce ƙashin kifi. Wannan turke eriya ce ta wayar iska. Sunan mai gidan Barry Goldwater.

Mutanen ƙasarsu sun fi saninsa da siyasa, gama ya shekara talatin a Majalisar Dattijai, har ya taɓa neman shugabancin ƙasar duka. Amma yana da waɗansu ayyuka biyu waɗanda bai ƙi a tuna da shi a kansu ba. Shi tsohon soja ne, matuƙin jirgin sama. Kuma tun yana yaro Allah ya jarabce shi da son wayar iska, wadda yanzu aka fi sani da rediyo.

An haife shi a Finiks cikin watan Janairu na shekarar 1909. A lokacin Arizona ba ta ko zama jiha ba tukuna, sai a 1912. Kakansa Bayahude ne, mutumin ƙasar Polan. Ya zo Arizona da 'yan kayan koli a keken doki, yana bin sansanin masu haƙar ma'adinai yana sayarwa. Sannu a hankali koli ya zama kanti, kanti ya haifi kantuna, har ya zamana kafin a haifi jikan nan nasa gidansu na cikin manyan attajiran garin.

A zamanin ƙuruciyarsa wayar iska sabon abu ce ƙwarai. Shekara takwas kaɗai kafin haihuwarsa, watau a 1901, wani mutumin Italiya mai suna Markoni ya sa aka bugo alama daga Ingila, shi kuwa yana can ƙetaren tekun Atlantika, a tsibirin Niyufanlan, ya kasa kunne ya ji ta. Ba magana aka yi masa ba, harafi ɗaya ne tak, harafin S. Amma harafin nan ya ƙetare teku ba igiyar waya, ba jirgi, ba manzo. A 1912 kuma, da wani ƙaton jirgin ruwa mai suna Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara ya nutse, wayar iska ce ta kira wani jirgi ya zo ya tsami mutum wajen 700 da ransu. Daga nan duniya ta san abin ya wuce wasa.

Yara kuwa suka mai da shi wasansu. Yaro zai sami siririyar wayar tagulla ya nannaɗe ta a jikin kwali, ya nemo wani ɗan ƙanƙanen dutse mai ƙyalli, ya haɗa da abin sawa a kunne, sa'an nan ya ɗaura doguwar waya daga rufin ɗaki zuwa reshen itace. Ba batir, ba lantarki. Sai ya zauna yana tsikarin dutsen da tsinin waya, yana lalube, har ya dace da wurin da sauti zai fito. Goldwater yana cikin yaran da wannan abu ya shiga ransu. Tun bai fi ɗan shekara goma sha uku ba ya wuce wurin sauraro kawai, ya shiga cikin masu aikawa.

A nan akwai bambanci wanda ya kamata a gane. Akwatin rediyon da ke cikin gidaje kunne gare shi, ba shi da baki. Tasha tana magana, mai akwati yana ji, ba shi da ikon mayar da amsa. Amma akwai waɗansu mutane a ƙasashe da yawa masu ajiye 'yar ƙaramar tasha a ɗakinsu, mai ji kuma mai magana. Su ne masu rediyon sha'awa. An kira su haka don ba sana'arsu ba ce, ba wanda ke biyansu, doka ma ta hana su karɓar kuɗi, ta kuma hana su sa kiɗa da waƙa ko tallar kaya. Kafin mutum ya shiga cikinsu sai ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasin, ta raɗa masa laƙabi na haruffa da lamba wanda ba mai irinsa a duniya duka. Farkon laƙabin shi ke nuna ƙasar mutum. In ka ji 5N, to, daga Nijeriya ne. 5U na Nijar ne, 9G na Gana. Laƙabin Goldwater na fari shi ne 6BPI. Daga baya aka ba shi K7UGA, wanda ya riƙe har ya bar duniya.

A da, sai mutum ya iya rubutun Mos kafin a ba shi lasin. Shi wannan rubutu da kunne ake karanta shi. Mai aikawa yana da wani maballi a gabansa. In ya danna ya saki maza, ya yi ɗigo. In ya ɗan daɗe kafin ya saki, ya yi ja. Ɗigo ɗaya da ja ɗaya shi ne A. Ɗigo uku shi ne S, harafin nan da Markoni ya ji. Ja uku shi ne O. Saboda haka ɗigo uku, ja uku, ɗigo uku shi ne SOS, kukan wanda ke cikin halaka. Mai neman abokin hira sai ya buga CQ, watau “ko akwai mai ji na?” In za su rabu kuma su buga 73, ita ce sallamarsu. Amurka ta daina tilasta jarrabawar Mos a 2007, amma har yanzu akwai masu bugawa don ƙauna.

To, yaya 'yar tashar da ke ɗakin mutum ke kai magana wata duniya? Labarin yana da ban dariya. A 1912 hukumar Amurka ta ga masu rediyon sha'awa sun yi yawa suna dame wa jiragen ruwa magana, sai ta kore su zuwa gajeren zango, don masana na lokacin suna tsammani ba shi da wani amfani, ba ya zuwa ko'ina. Ashe an ba kura ajiyar nama. A watan Nuwamba na 1923 wani mai rediyon sha'awa a birnin Nis na Faransa ya yi taɗi da waɗansu biyu a Amurka, suna bugo masa yana buga musu, duk a kan gajeren zangon nan da aka rena.

Ga dalili. Can sama, nisan mil sittin zuwa ɗari biyu da wani abu, akwai wani sashi na iska wanda hasken rana ke cika shi da ƙarfin lantarki. In saƙon gajeren zango ya tashi ya taras da shi, sai ya tanƙwaro ya komo ƙasa a wani wuri mai nisa. Ƙasa ko teku kuma su sake tura shi sama. Kamar dai yadda ƙwallo ke yi in an buga shi cikin ɗaki, ya daki rufi, ya daki daɓe, yana ci gaba. Da tsalle uku ko huɗu sai ga shi a bayan duniya, kuma duk tafiyar nan ba ta kai ƙiftawar ido ba, gama saurinsa mil 186,000 ne a daƙiƙa guda. Ta wannan hanya ce mutanen ƙasar Hausa suka riƙa jin Landan tun da aka buɗe sashin Hausa na BBC a 1957. Amma da yake rana ce ke sarrafa wannan rufi na sama, ba kullum yake zama daidai ba. Hanyar da ta buɗe da hantsi tana iya toshewa da la'asar. Shi ya sa mai wannan aiki sai ya zama mai haƙuri kamar masunci.

Uban Goldwater ya rasu a 1929, sai ya bar makaranta ya koma kanti. Cikin shekarun nan ya koyi tuƙin jirgin sama. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Disamba na 1941, ya riga ya haura shekara talatin, idonsa kuma ba shi da ƙarfi sosai, don haka ba a sa shi cikin masu kai hari ba. Aka sa shi cikin rundunar da ke kai jirage da kaya bakin dāga. Yawancin tafiyarsa tsakanin Amurka da Indiya ce. Wani lokaci su bi ta arewacin Afirka, wani lokaci kuma su gangara Amurka ta Kudu, su ƙetare teku, su ratsa ta Nijeriya da tsakiyar Afirka. Kano da Maiduguri suna cikin zangunan wannan hanya, inda jirage ke sauka su sha mai kafin su nufi Kartum.

Mafi hatsarin aikinsa shi ne ƙetare duwatsun Himalaya. A 1942 Japanawa sun cinye ƙasar Bama, sun datse hanyar motar da ake kai wa Sin kayan yaƙi. Ba sauran hanya sai ta sama, daga arewa maso gabashin Indiya a haura duwatsu mafiya tsawo a duniya, cikin hadari da ƙanƙara da iska mai jifa da jirgi. Ɗaruruwan jirage suka faɗi a wannan hanya, waɗansu har yau ba a ga ko tarkacensu ba. A can ƙasa kuwa, cikin kurmin Bama, sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu da Hausawa masu yawa, suna fama da Japanawa a 1944 da 1945, abincinsu da harsashinsu sau da yawa daga jirgin sama ake jefo musu. Da na sama da na ƙasa, ciwonsu ɗaya. Takardar gida takan yi makonni kafin ta iso, in ta iso kuma labarin da ke ciki ya riga ya tsufa.

Bayan yaƙi ya koma gida ya shiga siyasa, amma bai tuɓe kakin soja duka ba, ya zauna cikin rundunar ko-ta-kwana har ya kai muƙamin Manjo Janar. An zaɓe shi Majalisar Dattijai a 1952. A 1964 ya nemi shugabancin ƙasa, ya kara da Shugaba Lyndon Johnson, ya sha mugun kaye: cikin jihohi 50, shida kaɗai ya samu. A wannan shekara ce aka kawo dokar da ta hana nuna wa baƙar fata bambanci a otal da gidan abinci da wurin aiki. Goldwater ya ƙi jefa mata ƙuri'a, ya ce waɗansu sassanta sun ba gwamnatin tarayya ikon da tsarin mulki bai ba ta ba. Baƙaƙen Amurka ba su karɓi wannan hanzari ba, kusan dukansu suka juya masa baya, kuma suna da gaskiya, gama dokar nan ce ta buɗe musu ƙofofin da aka daɗe da rufewa.

A kan iska kuwa ba ruwan kowa da ƙuri'a. Al'adar masu rediyon sha'awa ita ce kowa ya faɗi laƙabinsa da sunansa na yanka kawai, ba sarauta, ba muƙami. Makaniki ko ɗan makaranta yana iya kwana yana hira da K7UGA a kan yadda ake gyaran eriya, bai san da ɗan majalisa yake magana ba. Haka marigayi Sarki Husaini na Jodan, mai laƙabi JY1, yakan ce sunansa Husaini, shi ke nan. In mutum biyu suka sadu a iska, sai kowa ya aika wa ɗan'uwansa kati ta gidan waya, an rubuta rana da sa'a da zangon da suka sadu, don shaida. Akan manna katunan nan a bango har su rufe shi.

Ana nan sai yaƙin Biyetnam ya yi tsanani. A 1968 sojojin Amurka da ke can sun wuce 500,000, yawancinsu samari ne waɗanda ba su daɗe da barin makaranta ba. Tsakaninsu da gida ya fi mil 8,000, in rana ta yi tsaka a can, a gida dare ne. Babu wayar hannu a lokacin, babu intanet. Wayar tarho ta ƙetaren teku kuwa tsada gare ta, kuma soja da ke cikin daji ina zai gan ta?

Akwai wani shiri da ake kira MARS, wanda ya haɗa rundunar soja da masu rediyon sha'awa. Aka kafa 'yan tashoshi a barikokin Biyetnam, masu rediyon sha'awa a Amurka kuma suka ba da nasu tashoshin da lokacinsu kyauta. Goldwater ya buɗe tashar gidansa don wannan aiki. Da yake aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai waɗansu masu rediyon sha'awa na Finiks suka riƙa zuwa suna karɓar juna, wannan ya tashi wancan ya zauna, ko mai gida yana nan ko ya yi tafiya.

Ga yadda ake yi. Soja zai zo tashar bariki ya ba da sunansa da lambar tarhon gidansu, ya shiga layi. In hanyar sama ta buɗe, sai ma'aikacin bariki ya kira Arizona ya karanto lambar. Na Arizona ya ɗauki tarho ya buga wa gidan su sojan, ko a wace jiha yake. In an ɗauka, sai ya haɗa igiyar tarho da akwatin rediyo. Iyalin ba su biyan komai sai kuɗin tarho na cikin ƙasa.

Sai dai akwai wata wahala. Tarho na yau da kullum mutum biyu suna iya magana a tare, amma wannan hanya kamar gadar itace guda ce, sai ɗaya ya wuce kāna ɗaya ya hau. Wanda ya gama magana dole ya ce “oba”, watau “na gama, saura kai”, sa'an nan ma'aikacin ya juya makunni. A ce ga wata tsohuwa an tashe ta da tsakar dare, an ce ɗanta ne ke kira. Sai ta ji murya cikin shuu da ƙara tana cewa, “Inna, ni ne. Lafiyata ƙalau. Yaya Baba da jiki? Oba.” Ita kuwa ta shekara ba ta ji muryar nan ba. Ina za ta tuna da wata oba? Sai ta yi ta magana, ko kuka ya ci ƙarfinta ta yi shiru. Ma'aikacin yana ji, gama ba shi da halin toshe kunne, in bai saurara ba ba zai san lokacin juya makunni ba. Shi zai lura da inda numfashinta ya tsaya, ya juya mata. Kuma 'yan mintoci kaɗan aka yanka wa kowa, don akwai waɗansu a layi, ga shi ba a san sa'ad da hanyar sama za ta rufe ba.

Ta haka mutanen nan suka ji asirin gidaje da yawa, suka kuma riƙe amana. Ta cikin tashoshinsu aka yi wa soja albishir matarsa ta haihu, ta nan aka gaya wa wani rasuwar ubansa, ta nan wanda ke kwance a asibiti ya shaida wa iyayensa da bakinsa yana da rai. Waɗansu kuwa, maganar nan ta 'yan mintoci ita ce ta ƙarshe da aka yi da su, gama sojojin Amurka fiye da 58,000 ba su komo ba. Tashar gidan Goldwater ta haɗa dubban irin waɗannan kira, shekara da shekaru.

Ba a ɓoye cewa Goldwater yana cikin manyan masu goyon bayan yaƙin nan. Mutanen Biyetnam da suka mutu a cikinsa sun wuce miliyan, kuma su ba wanda ya haɗa su da iyayensu ta iska. Sojojin Amurka sun janye a 1973, yaƙin ya ƙare a 1975. Har yau akwai masu ganin laifinsa a kan wannan, ko a cikin waɗanda suka yaba da aikin tasharsa.

Yanzu soja yana da waya a aljihu, yana ganin fuskar 'ya'yansa daga ko'ina, don haka irin wancan haɗi ya ragu ƙwarai. Amma masu rediyon sha'awa ba su ƙare ba. Wayar hannu tana bukatar turaku da lantarki, in guguwa ko girgizar ƙasa ta kayar da su, sai ta zama bebiya. Mai rediyon sha'awa kuwa batir ɗaya da 'yar waya a kan itace sun ishe shi. Da guguwa ta ragargaza tsibirin Fotoriko a 2017, suna cikin waɗanda suka riƙa fid da labarin mutane zuwa ga danginsu da masu kai agaji.

Goldwater ya bar majalisa a farkon 1987, yana da shekara 78, ya koma gidansa na kan tudu. A 1996 ya sami bugun jini a ƙwaƙwalwa, daga baya kuma ciwon mantuwa ya kama shi. Ya rasu a gida ran 29 ga Mayu, 1998, yana da shekara 89.

In ɗayansu ya mutu, masu rediyon sha'awa ba su cewa ya mutu, sai su ce maballinsa ya yi shiru. Bisa ƙa'ida, laƙabin mamaci yakan koma hannun hukuma, bayan wani lokaci a ba wani. Amma K7UGA bai faɗa hannun baƙo ba. Wata ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Arizona ta nema aka ba ta, takan kuma hau iska da shi a ranakun tunawa da shi. Wanda ya dace da su a irin wannan rana, ya ba da laƙabinsa suka ji, sai su aiko masa da kati.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin akwatin rediyon gida da tashar mai rediyon sha'awa?
2. Rubuta SOS da ɗigo da ja.
3. Me ya sa saƙon gajeren zango ke kai wa ƙasashe masu nisa?
4. Nemi Arizona da Kano da Indiya da Biyetnam a taswirar duniya.
5. Don me ma'aikacin tasha yake sauraron maganar soja da iyalinsa?